Ziyara Zuwa Italiya: Gwala-gwalan Matan Rumawa Da Toka Ta Ɓoye

Wannan watan ƙasar Italiya muka nufa. Da an ambaci Italiya, abin da ke fara faɗo wa yawancin mata a rai shi ne takalmi da jaka da sarƙar gwal mai kyan ƙira. To, gwal ɗin za mu gani, sai dai wanda za mu gani ya kusa shekara 2,000 a duniya, kuma ba a kanti yake ba. Daga ƙarƙashin ƙasa aka tono shi, wani a yatsar mai shi, wani a damtsenta, wani kuma a ƙulle cikin 'yar jakar da ta rungume tana gudu. Kowane ɗaya yana ɗauke da labarin abin da yake nufi a wurin mai shi, domin wata ajiyarta ce, wata shaidar matsayinta, wata kuwa abin tunawa da wanda ta rasa. Ki ɗaura zanenki da kyau, tafiyar akwai yawo a ƙasa.

Birnin Napoli da dutsen da ke kallonsa

Zangonmu na farko shi ne Napoli, babban birni a kudancin Italiya, a bakin teku. Daga birnin Rum jirgin ƙasa mai sauri zai kawo ki cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Birni ne mai hayaniya da cunkoso, lungunansa matsattsu, babura na ratsa mutane, mata sun yi shanyar wanki a igiya daga wannan bene zuwa wancan. Duk inda kika tsaya a bakin ruwa, idan kika dubi gabas, za ki hangi wani dutse ya tokare sama. Sunansa Vesuvius, tsawonsa ya kai mita 1,281, kuma dutse ne mai aman wuta. Amansa na ƙarshe a shekarar 1944 ya yi shi.

Aman da duniya ba ta manta ba shi ne na shekara ta 79 Miladiyya, wato shekara 500 da ɗoriya kafin Hijira. A lokacin Rumawa ke mulkin duk ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, har da Misra da Sham da arewacin Afirka, kuma gumaka suke bauta wa. Gindin dutsen cike yake da garuruwa da gonakin inabi, domin ƙasar wurin tana da albarka. An yi wata babbar girgizar ƙasa a shekara ta 62, mutane suka gyara gidajensu suka ci gaba da zama. Ranar da abin ya zo, da tsakar rana dutsen ya fashe, hayaƙi da toka suka tashi sama kimanin kilomita 30, sannan tsakuwa marar nauyi ta riƙa zuba kamar ruwan sama har dare ya raba. Daga baya wata guguwa mai zafi ta toka da iskar guba ta gangaro, ta hallaka duk wanda ya rage.

Wani saurayi ɗan shekara 17 mai suna Pliny Ƙarami ya kalli abin daga ɗaya gefen tekun, ya kuma rubuta shi cikin wasiƙu biyu da suka iso gare mu. An daɗe ana cewa ranar 24 ga Agusta ce, amma a shekarar 2018 aka sami wani rubutun gawayi a bangon wani gida mai kwanan watan tsakiyar Oktoba, abin da ya sa masana da dama suka koma ga cewa a kaka abin ya faru.

Fuskoki a kan dutsen zobe

Kafin ki je kufan garuruwan, ki fara da babban gidan tarihi na Napoli, domin yawancin kayan da aka tono can aka kai su. A ɓangaren zane-zanen bango akwai hoton wata matashiya daga garin Pompeii, ta ɗora bakin alƙalami a leɓenta, ta riƙe allon rubutu, kamar tana tunanin abin da za ta rubuta. Dubi kanta da kyau. Gashinta na cikin wata raga ta zaren zinariya, kunnenta kuma da 'yan kunne zagayayyu na gwal. Wannan hoto zai nuna miki yadda ake sa kayan da za ki gani a kwance cikin akwatunan gilashi.

Daga nan ki nemi ɗakin duwatsu masu daraja. A nan za ki ga wata sana'a da Rumawa suka ƙware a kanta, wato sassaƙa fuskar mutum a kan dutsen da bai wuce farcen babban yatsa ba. Iri biyu suke yi. Na farko, sai a ƙwaƙule hoton ya nutse cikin dutsen, a ɗora shi a kan zobe. Wannan zobe shi ne hatimin mai shi. Idan ya rubuta wasiƙa, ko ya ƙulla ciniki, ko ya rufe rumbu, sai ya ɗiga kaki ya danna zoben, hoton ya fito, kowa ya san daga hannun wa abin ya fito. Na biyu, sai a sami dutse mai hawa-hawa, fari a sama, baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa a ƙasa, a yi ta kankare farin har fuskar ta fito tsaye fes a kan duhun. Irin wannan don ado da girmamawa ake yin sa, a rataya a wuya ko a maƙala a riga. Ki tuna ba su da injin lantarki. Da ɗan ƙarfe mai juyawa da garin dutse mai kaifi da mai suke aikin, ga ido ga haƙuri.

Fuskar wa ake sa wa? Wani ta kakansa, wani ta malamin da yake girmamawa, wani ta abin bautarsa, da yawa kuma ta sarki ko matar sarki. Sarki Augustus, wanda ya fara sarautar daular, ya yi amfani da hatimi har iri uku: da farko hoton wata dabbar almara mai kan mutum, sai fuskar Iskandar na Girka, daga ƙarshe fuskarsa shi kansa, wadda wani gwani mai suna Dioskurides ya sassaƙa. Sa fuskar sarki a yatsa kuwa ba wasa ba ne. Marubucin tarihinsu Suetonius ya kawo cewa a zamanin Sarki Tiberius, wanda ya gaje shi, shiga bayan gida da zobe ko kuɗi mai hoton Augustus laifi ne da kan iya cin ran mutum.

Daga fuskokin matan sarauta ne masana ke gane shekarun kaya, domin kowace sarauniya da irin gyaran gashinta, kuma da ta fito da sabon salo sai matan daular su bi. Ashe yayi ba yau aka fara shi ba.

Lu'ulu'u daga Indiya, zumurrudu daga Misra

Za ki lura yawancin 'yan kunne da sarƙoƙin wurin launi uku ne ke yawo a cikinsu: ruwan gwal, farin lu'ulu'un teku, da koren dutsen zumurrudu. Zumurrudun daga duwatsun hamadar gabashin Misra ake haƙo shi, kusa da Bahar Maliya, kuma sau da yawa ba sa goge shi, sai su huda shi yadda ya fito da kusurwoyinsa su zura a zaren gwal. Lu'ulu'un kuwa fatake ke kawo shi ta jiragen ruwa daga Bahar Maliya da tekun Farisa da Indiya. Akwai wani samfurin ɗan kunne da suke so ƙwarai, mai ɗan sanda a kwance da lu'ulu'u biyu ko uku suna reto, don idan mace na tafiya su riƙa karo da juna suna ƙara kamar kacau-kacau. Tun kafin a gan ta an ji isowarta.

Wannan ƙarar ta dami wani dattijo, Pliny Babba, kawun saurayin da muka ambata. A babban littafinsa kan halittu ya koka cewa Indiya da Sin da ƙasar Larabawa na kwashe wa daular kuɗinsu da ake kira sesterti har miliyan 100 duk shekara, ya kuma ɗora laifin a kan son jin daɗi da kuma mata. Ya ce da idonsa ya ga wata mai suna Lollia Paulina, wadda ta taɓa auren Sarki Caligula, ta zo wata walimar baiko da ba ta taka kara ta karya ba, tun daga kai har yatsu lu'ulu'u da zumurrudu, na sesterti miliyan 40, kuma a shirye take ta nuna takardun sayen ga mai musu. Sojan ƙasa a lokacin sesterti 900 yake ɗauka a shekara. Ki yi lissafi, albashin shekara na soja sama da 44,000 ne a jikin mace ɗaya. Shi wannan dattijo shi ne shugaban rundunar jiragen ruwa a yankin, kuma a wannan aman dutsen ya rasu, bayan ya tsallaka teku don ceto mutane.

Gardamar maza da mata kan gwal ta girmi Pliny nesa ba kusa ba. A shekara ta 215 kafin Miladiyya, ana tsakiyar yaƙi, aka yi dokar da ta hana mace mallakar gwal fiye da rabin oza. Yaƙi ya ƙare, doka ba ta tashi ba. A shekara ta 195 kafin Miladiyya matan Rum suka fito suka cika tituna, suka tare ƙofar gidajen masu hana a soke ta, har aka soke. Suna da dalilinsu. Matar Rum ba ta zaɓe, ba ta riƙe muƙamin mulki, ba ta jagorantar yaƙi. Kayan adonta su ne girmanta a bainar jama'a, su ne kuma dukiyar da za ta iya ɗauka a hannu duk ranar da zama ya gagara.

Pompeii: abin da hannu ya iya ɗauka

Daga tashar Napoli akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagaya gindin dutsen zuwa Sorrento. Cikin kamar minti 40 zai sauke ki a ƙofar Pompeii. Gari ne guda mai ganuwa, faɗinsa kadada 66, da tituna na shimfiɗaɗɗen dutse waɗanda har yau sawun ƙafar keken doki ke kwance a kansu. Ga gidajen burodi da dutsen niƙansu, ga shagunan abinci da tukwane a jikin kanta, ga famfunan unguwa. Toka da tsakuwa mai zurfin mita 4 zuwa 6 suka binne shi, aka manta da shi, sai a shekarar 1748 aka fara tono. Har yau kusan kashi ɗaya cikin uku na garin yana ƙarƙashin ƙasa.

Yawancin mutanen garin sun samu sun tsere. Waɗanda aka samu gawarwakinsu sun haura 1,000. Tokar ta daskare a jikinsu, jiki ya ruɓe, ya bar rami mai siffar mutum. A shekarar 1863 shugaban aikin tonon, Giuseppe Fiorelli, ya fito da dabarar zuba farar ƙasa a cikin ramin, idan ta bushe sai a fasa tokar, mutum ya fito da yadda ya kwanta, har da naɗin tufafinsa. Wurin nan ba wurin hira da dariya ba ne, za ki ji jikinki ya yi sanyi.

Ki tambayi gidan da ake kira Gidan Menander. Babban gida ne na masu hali. A shekarar 1930 aka samu wani akwatin katako a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, cike da kwanukan azurfa guda 118 masu nauyin kusan kilo 24, an nannaɗe su da ƙyalle. A cikin akwatin akwai wani ƙaramin akwati na kuɗi da kayan gwal: 'yan kunne, zobba, mundaye, da wani ɗan tandu na zinariya da ake rataya wa ɗa namiji ɗan gidan 'yanci a wuya har ya balaga. Ga alama ana gyaran gidan ne aka sauke kayan ƙasa aka adana, kamar yadda ke ma za ki kulle naki idan magina za su shigo. Masu kayan ba su dawo sun ɗauka ba.

A can yammacin gari, inda gidaje ke kallon teku, akwai Gidan Munduwar Zinariya. An sa masa sunan ne saboda wata munduwa mai nauyin giram 610, fiye da rabin kilo, da aka samu a hannun wani mamaci a shekarar 1974. An yi ta kamar macizai biyu sun haɗa kai, sun riƙe wani faifai da bakinsu, a kan faifan kuma ga fuskar gunkiyar wata. Maciji a wurinsu alamar tsaron gida ne da sa'a, shi ya sa za ki gan shi a mundaye da zobba ba iyaka. Mai munduwar na ƙarƙashin matakala, da ƙaramin yaro a cinya, ga wani babba da wani yaron a kusa. Shekara 50 masu yi wa baƙi jagora suna cewa ga uwa ga uba ga 'ya'yansu. A watan Nuwamba na 2024 aka fitar da sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta da aka yi wa ƙasusuwan, sai ga shi mai munduwar namiji ne, kuma babu dangantakar jini tsakaninsa da yaron. Kama da wane ba wane ba ce. Munduwa ta sa an yi masa kallon mace, rungumar yaro ta sa an yi masa kallon uwa, alhali abin da ya tabbata kawai shi ne, a sa'ar ƙarshe wani mutum ya ɗauki ɗan wani ya ɗora a cinya.

Har gobe ana tono, ana kuma samun sababbi. A watan Agusta na 2024 aka buɗe wani ɗan ƙaramin ɗakin kwana aka samu mace da namiji. Sun rufe ƙofa suna jiran abin ya lafa, tsakuwa ta cika ɗakin da ke gabansu ta toshe mafita. Matar na kan gado, tare da ita akwai tsabar kuɗi na zinariya da azurfa da tagulla, da 'yan kunnenta na gwal da lu'ulu'u. A shekarar 2019 kuma, a wani gida da ake kira Gidan Lambu, an samu ragowar wani akwatin katako cike da duwatsun wuya na gilashi, da layu, da ƙananan duwatsu masu zane, da madubi, amma ko ƙwayar gwal babu. Rashin gwal ɗin ya sa masu tonon suka kyautata zaton kayan wata baiwa ce ko mai aikin gidan. Ita ma ta tara nata gwargwadon hali, ta yi musu akwati.

Munduwar baiwa da ɗakin mutum 54

Kudu da ganuwar Pompeii kaɗan akwai wani wuri da ake kira Moregine. A shekarar 2000, ana faɗaɗa babbar hanyar mota daga Napoli zuwa Salerno, aka tono wani gini, da gawar wata mace 'yar kimanin shekara 30. A damtsenta akwai munduwar gwal mai siffar maciji ya nannaɗe. A cikin munduwar, ɓangaren da ke taɓa fata, an rubuta cewa kyauta ce daga ubangida zuwa ga baiwarsa. Babu sunanta, babu nasa. Masana sun rabu a kanta. Wasu na ganin ya 'yanta ta ne ya ba ta, wasu na ganin ƙwarƙwararsa ce, wasu kuma na ganin gwal ɗin wani nau'in mari ne mai ƙyalli, domin a dokar Rum baiwa da abin da ke jikinta duk mallakar ubangidanta ne. Idan kika tsaya gaban irin wannan, za ki gane cewa nauyin gwal ba ya gaya miki ko mai shi na cikin jin daɗi.

Ki koma jirgi ki sauka a Torre Annunziata, inda tsohon garin Oplontis yake. Akwai katafaren gida mai zane-zanen bango da kwarmin wanka, wanda ake dangantawa da Poppaea, matar Sarki Nero. Kusa da shi akwai wani gini na kasuwanci inda ake ɗura ruwan inabi a tuluna. A cikin wani ɗakin ajiya na wannan gini aka samu ƙwarangwal 54 a shekarun 1980, sun taru suna jiran jirgin ruwa, har da mata masu tsohon ciki. Abin da ya ja hankalin masana shi ne mutanen sun kasu biyu. Wasu na ɗauke da kuɗi da sarƙoƙi da 'yan kunne da zobba, wasu kuwa hannunsu wayam. Mai gwal da marar gwal, ɗaki ɗaya, dare ɗaya.

Herculaneum: matar zobba a bakin teku

A hanyar komawa Napoli ki sauka a Ercolano. Garin zamani ne a sama, tsohon garin Herculaneum kuma a can cikin wani ƙaton rami, domin shi kusan mita 20 na toka da laka suka danne shi. Wani mai haƙa rijiya ne ya fara cin karo da shi a shekarar 1709, aka fara tono sosai a 1738. Ya fi Pompeii ƙanƙanta, ya fi shi sauƙin zagayawa ga mai ciwon ƙafa, kuma a nan har katako ya tsira, ya zama gawayi bai rushe ba: ƙofofi, gadaje, har da ɗan gadon jariri mai lilo.

An daɗe ana zaton mutanen garin duk sun tsira, domin ba a samu gawa da yawa a gidaje ba. Daga shekarar 1980 aka fara tono tsohon bakin tekun, inda akwai rumfunan dutse 12 na ajiye kwale-kwale. A ciki da gabansu aka samu ƙwarangwal kusan 300. Sun sauko da fitilu da makullan gida da ƙullin kuɗi, suna jiran ceto. A shekarar 1982 aka tono wata mace 'yar kimanin shekara 45, zobban gwal biyu masu duwatsu suna nan a ƙashin yatsunta, kusa da ita ga mundaye biyu masu kan maciji da 'yan kunne. Hotonta ya zagaya duniya, ake ce mata matar zobba. A watan Yuni na 2024 aka buɗe wannan tsohon bakin teku ga maziyarta, don haka yanzu za ki iya tsayawa daidai inda suka tsaya, ki ɗaga kai ki ga garin a samanki.

Ki lura da makullan nan. Wanda ya kulle gida ya ɗauki makulli yana da niyyar dawowa.

Zoben da uwa ta tafi da shi

Zangonmu na ƙarshe ba a gindin dutse yake ba. Ki koma Rum, ki ɗauki mota zuwa Palestrina, wani gari a kan tudu kimanin kilomita 40 gabas da birnin. Gidan tarihinsa na cikin wata tsohuwar fada a ƙololuwar gari, daga tagoginta ana hango fili har ido ya gaji. A nan aka ajiye wani zobe da ya cancanci wahalar hawan.

A shekarar 2000, a Grottaferrata, kudu maso gabas da Rum, aka gano wani kabari na ƙarƙashin ƙasa da ɓarayin kaburbura ba su taɓa shiga ba. A ciki akwai akwatunan gawa biyu na farin dutse, kowane da suna a jikinsa. Ɗaya na wata mai daraja ce, Aebutia Quarta, ɗayan na ɗanta, Carvilius Gemellus. Rubutun ya faɗi shekarunsa daidai: 18 da wata 3. Sun rayu ne a wajajen ƙarshen ƙarni na farko na Miladiyya, zamanin da yawancin Rumawa ke ƙona gawa, amma su an shafe su da turare da ƙaro, an lulluɓe su da furanni waɗanda ragowarsu ke nan har ranar da aka buɗe. Ita ta rasu tana da shekara 40 da 'yan kai, bayan ɗan ya riga ta.

A yatsarta aka samu zoben. Na gwal ne mai kauri, an rufe samansa da wani dutse garai-garai kamar ɗigon ruwa. Idan kika leƙa ta cikin dutsen, sai ki ga kan wani saurayi da kafaɗunsa, an zuba shi da ƙarfe mai daraja, ƙanƙane ƙwarai, gashinsa a murɗe, hancinsa dogo, leɓensa siriri. Saboda dutsen a kumbure yake, haske na karyewa a cikinsa, fuskar ta yi zurfi, idan kika ɗan motsa sai ki ga kamar ita ma ta motsa. Masana sun fi karkata ga cewa fuskar Carvilius ce, uwarsa ta sa maƙeri ya yi mata bayan rasuwarsa. A zamanin da babu hoto, babu abin da zai riƙe mata kamannin ɗanta idan tunani ya fara dusashewa, sai ta sa aka ɗora mata shi a yatsa, aka kuma binne ta da shi a gefensa. Duk wadda ta taɓa ajiye rigar yaron da ta rasa a ƙasan akwati ba ta buƙatar a yi mata bayanin wannan zobe.

Rumawa da kansu suna da wani labari da suke ba 'ya'yansu. Wata baƙuwa daga Campania, wato yankin Napoli da muka baro, ta sauka a gidan Cornelia, 'yar babban jarumin yaƙinsu Scipio, ta yi ta baje mata gwala-gwalanta. Cornelia ta ja ta da hira har yaranta suka dawo daga makaranta, ta nuna su ta ce su ne kayan adonta. Aebutia ta zo bayanta da shekara 200 da wani abu, ta haɗa biyun a zobe ɗaya.

Idan hali ya yi

In Allah ya nufe ki da zuwa, ki ware kwana uku: ɗaya don gidan tarihin Napoli, ɗaya don Pompeii, ɗaya don Oplontis da Herculaneum, sannan ki ƙara yini guda daga Rum don Palestrina. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan kufai uku cikin wuraren tarihi na duniya tun 1997, kuma baƙi na yi musu yawa, har a watan Nuwamba na 2024 aka ƙayyade masu shiga Pompeii zuwa mutum 20,000 a rana, don haka ki sayi tikiti tun da wuri. Ki guji watan Yuli da Agusta, zafin ya yi yawa kuma inuwa ba ta da yawa. Ki sa takalmi marar tsini, ki riƙe gorar ruwa, ki kuma kula da jakarki a cikin jirgi. Kayan adon kan yi yawo zuwa baje koli a wasu birane, saboda haka ki tambayi ma'aikata a ƙofa wanne ke nan a ranar, kada ki sha hawa a banza.